Ranar da Na Ƙi Ɗaga Ƙwallo a Ƙonni

Har yau in hirar ƙwallo ta yi zafi a teburin mai shayi, sai wani ya nuna ni da baki ya ce ga wanda ya kashe kansa da kansa a Ƙonni. To, su yi ta faɗi, bakinsu ne. Ni dai fasin ɗin da na bayar ranar nan mai kyau ne, ko gaban alƙali aka kai ni haka zan ce.

A makaranta aka ƙera ƙafata. Filin sakandarenmu a Illela sunan fili kawai yake ci, wani siririn lungu ne tsakanin azuzuwa da katangar garkar wani tsoho mai albasa. Tsohon nan ba ya wasa. In ƙwallo ta tsallaka ta faɗa masa cikin iri, wuƙa zai sa mata ya jefo mana fatar. Ƙwallon makaranta kuwa ɗaya ce tal, in ta mutu sai wani zangon. Shi ya sa malamin wasanninmu, wani gajeren mutum da ke koyar da lissafi da safe, ya kafa doka: duk wanda ya ɗaga ƙwallo ta wuce gwiwa, ya fita wani ya shiga. Masu jira kuwa ga su nan jingine da bango, ba abin da suke roƙo sai ka yi kuskure.

Dole ta sa muka koyi wasan ƙasa. Ka karɓa, ka ba na kusa, ka matsa inda zai same ka. Ni ɗan baya ne, dogo, ƙafafu kamar na zalɓe. Abokina kuwa ɗan tsakiya ne, ɗan masunta daga Kalmalo da ke zaune gidan kawunsa saboda karatu. Duk sanda aka matsa mini, sai ya sulalo ta haguna ya tsaya 'yan taku kaɗan. Ban taɓa ce masa ya zo ba, bai taɓa ce mini ga ni ba. Tun muna aji ɗaya muke haka, har ya zama ko ido rufe na tura ta can, tana samunsa.

Muna ajin ƙarshe wani kulob na gari ya ɗauke mu, mu biyu. Mai kulob ɗin ɗan canji ne, a bakin iyaka yake zama da daminsa na naira da sefa, ƙwallo ce abin shagalinsa. Ba zan yi musu butulci ba: su suka fara sa mini takalmin ƙwallo a ƙafa, su suka ba ni jesi mai lamba biyar, su suka riƙa sa mu gudu cikin rairayi har numfashina ya yi tsawo. Filinsu yana bayan gari kusa da inda tireloli ke kwana, faɗi iya ganinka, babu katanga babu tsoho.

Kocinmu ya taɓa buga ƙwallo a Sakkwato, kuma bai bari kowa ya manta ba. Karatunsa ɗaya ne. Ɗan baya ba ya tunani. Ƙwallo ta zo, ka ɗaga ta gaba iya ƙarfinka, akwai wani ƙato can zai sa mata kai, 'yan tsakiya su ruga su tsinci abin da ya faɗo. Ya ce filin ƙaya ne da ramuka, mai wasan ƙasa a nan wahalar banza yake sha. Ban ce ƙarya yake ba gaba ɗaya. Amma ni in na ɗaga ƙwallo haka kawai, ji nake kamar na zubar da tuwo a ƙasa ina jin yunwa.

"Kai lamba biyar! Mi kaka jira? Ɗaga ta!" Kullum kenan. In na ba da fasin ƙasa, ko ya je daidai, sai tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga. Na yi tsallen kwaɗo a filin nan har cinyoyina suka zama kamar taɓarya. Abokina da farko yana dariya, daga baya ya daina.

"Aboki, ka yi mai abin da yaka so mana. Mi za ya rage ka?" in ji shi wata rana muna komawa gida.

Na ce, "Kai ma ka san ba ƙwallo ba ce wagga."

Ya ce, "Awo, na sani. Amma jesin nashi na."

Sai labari ya zo cewa za mu tsallaka Ƙonni mu yi wasa da wani kulob na can, kuma wasu mutane za su taso daga Yamai su duba yara, wanda ya yi musu su tafi da shi. A Illela wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai tafi ba, babur ke jiransa, ya yi ta jigilar jarkoki tsakanin nan da can har bayansa ya ƙage. Ina son tafiyar nan kamar raina. Koci ya kira ni gefe kafin mu hau mota, ya ɗora mini yatsa a ƙirji.

"Yau ka yi mani wasan makarantar ga taku, ka aje mani jesina. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Kuma wallahi na yi niyyar ji.

Rabin farko na ɗaga ƙwallo har na ji kunyar kaina. Ina ɗagawa, 'yan bayansu na dawo da ita, ƙaton namu ko sau ɗaya bai taɓa ta da kai ba. Mutanen Yamai suna zaune kan kujerun roba ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ɗaya har hamma yake. Babu ci aka tafi hutu, babu ci aka dawo.

Can wasa ya yi nisa, golanmu ya gangaro mini ƙwallo a bakin gidanmu. 'Yan gabansu biyu suka taso mini, 'yan tsakiyarsu duk sun ja baya suna jiran in ɗaga kamar yadda na saba musu. Haguna wayam, fili kamar an share. Fasin ɗaya a nan, an tsallake mutum biyu, an buɗe wasa. Na ji koci yana tsage maƙogwaro, "Ɗaga ta! Ɗaga ta!" Ban ɗaga ba. Na sa cikin ƙafa na tura ta hagu, a ƙasa, sumul, daidai inda abokina ke tsayawa.

Ba ya nan. Da na ɗaga kai, bayansa na gani, yana gudu gaba ya je tsintar ƙwallon da zan ɗaga. Ƙwallon ta gangara ita kaɗai, ta rage gudu, kamar tana waige. Wani siririn yaron Ƙonni ya ɗauke ta a ɓagas, ya yanke gola, ya zura. Filin ya kaure da ihu da hon ɗin babura. Da ci ɗayan nan aka tashi.

Bayan wasa koci ya tara mu a gindin motarmu. Mai kulob yana tsaye, mutanen Yamai ma ba su yi nisa ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. Cikin sanyin murya ya ce, "Ɗan ga, ka faɗi gaban kowa cewa kuskure ka yi, ka ba 'yan'uwanka haƙuri, jesinka na nan. Har ma in yi maka magana wurin baƙin ga, don sun tambayi dogon."

Ashe ni suka tambaya. Kalma biyu kawai, na yi kuskure, ko uku ce ma, wa ya damu. Haƙurin cin da aka yi mana zan iya bayarwa, don ya yi mini ciwo fiye da kowa. Amma in ce fasin ɗin ne ba daidai ba? In tsaya gaban mutane in ƙaryata abu ɗaya da na iya a duniya?

Na ce, "Koci, an ci mu, ban ji daɗi ba. Amma ƙwallon can ya kamata ta tahi."

Ya juya wurin abokina. "Kai, laifinka na?"

Na dube shi. Da ya ce ko da "na saba tsayawa can" ne, da ya ishe ni. Ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da takalmi, ya ce, "Koci cewa ya yi a ɗaga."

Shi kenan. Na cire jesin, na ninke shi da kyau don ba a wurin jesin laifin yake ba, na miƙa. Na kwance takalman na ajiye a kansa. Mai kulob yana cewa, "Kai yaro, ba ka da hankali?" Ban hau motarsu ba. Wani ɗan acaɓa ɗan unguwarmu ya goyo ni, daga ni sai singileti da gajeren wando, ƙafa ba takalmi. Na kifa fuska a bayansa na yi kuka tun daga Ƙonni har muka wuce shingen iyaka.

Abokina mutanen Yamai suka ɗauka. Ya yi shekarunsa a Yamai, ya ga garuruwa, ya gina wa mahaifiyarsa gida a Kalmalo, kuma Allah ya sani ban taɓa yi masa hassada ba. Ni babur ɗin na hau, na daɗe a kansa kafin in koma karatu. Ba mu ɓata ba, amma maganar ranar nan mun yi ta kewaye ta kamar rijiya marar murfi.

Sai bara da ya zo ta'aziyyar kawunsa, muna zaune kan tabarma bayan mutane sun ragu, shi ya tayar da ita.

"Aboki, da ka ɗaga ta ranar nan, da tare munka tahi."

Na ce, "Haka na."

"Ba ka nadama?"

Na ce masa Yamai ta yi mini ciwo, har yanzu in na tuna tana yi. Amma a dawo da ƙwallon nan gaban ƙafata yanzu, da furfurata da tumbina, can hagun zan sake tura ta.

"Ƙwallon ta je inda ya dace," na ce. "Kai ne ba ka nan."