Layi a Wuyan Mai Gatari

A sanyin shekarata ta biyu a Alƙahira na tsinci hoton, cikin tarkacen wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai. Ya ce min na ƙarni na sha tara ne, a jikin katako aka sassaƙa zanen sannan aka danna a takarda. Daji ne dusar ƙanƙara ta lulluɓe, dawakai biyu na jan gungume, wasu mutane na fama da zarto. Duk ba su dame ni ba. Na gefe na ƙura wa ido, ya ɗaga gatari, ƙafafu a ware, kafaɗar hagu a karkace. Haka babana yake tsayawa. Faskare ya yi a bakin kasuwa duk rayuwarsa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Na manna hoton saman katifata a gidanmu na unguwar Hayyin Ashir. Mu biyar ne 'yan makaranta, babbanmu wani ɗalibin fiƙihu da muke ce wa Ustaz, shi ya kama gidan. Dokarsa ɗaya: duk hoton mai rai da ya shigo, sai an ja masa layi a wuya, wai an yanke kan ke nan. Ko saniyar gwangwanin madara ba ta tsira ba.

Bayan la'asar ya miƙo min biro. "Malam, layi ɗaya ne, khalas, shi ke nan."

"Ustaz, na bar maka dawakan, har masu zarton. Wannan dai a'a."

"Bature ne fa! Me ya haɗa ku?"

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta kama ni, don tun zuwana nake ce musu ɗan kasuwa ne ya haife ni.

Na ce, "Ƙarya na yi muku. Babana mai faskare ne, da gatari ya biya min karatu. Wannan tsayuwarsa ce, ita kaɗai ta rage min."

Ustaz ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma haka nan ba zai zauna a gidan nan ba."

Ban ja da shi kan hukunci ba, ya fi ni karatu nesa. Washegari na naɗe katifata, na sa hoton cikin riga, na hau mota zuwa unguwar Faisal. Ɗakin da na samu ko tagar kirki babu, sanyi kamar ya kashe ni.

Duk wanda ya shigo ya yi tambaya kan hoton, tun bai zauna ba nake gaya masa sana'ar babana.