Ranar da na ƙafar da rijiyar mutane

Ko ƙasa ta rufe idona ba na jin zan manta abin da na aikata a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, can wajen Kelle, a shekarar da damina ta yi mana rowa.

Ni mutum ne marar zama wuri ɗaya, maiɗakina ma cewa take kamar an zuba mini garwashi a kujera. Shekara da shekaru ina da kanti a kasuwar Gure, sai garin ya fara cika. Inda muka san gonaki duk an yanka filaye, kowa gini, pampo kuwa sai ya kwana biyu bai kawo ba, bido-bidon ɗiban ruwa a jere kamar sahun salla. Kullum ina mita a bakin kanti, ina cewa masu ginin nan su za su shanye mana ruwa. Ƙarshe na bar wa ƙanena kantin, na kwashi iyalina muka hau dutse neman sarari.

Maigari ya ba ni fili, ya ce, "Alhaji, rijiyarmu ɗaya ce, kuma tana da lokacinta." Na ce to, to, alhali hankalina yana kan tubalin siminti. So nake in gama ɗaki huɗu kafin wani watan, ruwan da jakuna ke kawo wa magini kuma ba ya isa. Ban iya jira ba. Na sauka Gure na sayo injin jan ruwa da dogon tiyo.

Na lura daga hantsi ya dubi ludayi har la'asar ba mai zuwa rijiyar nan. Ba guga, ba dabba, ba kowa. Na ce a raina mutanen ƙauye akwai son inuwa. Ranar nan da azahar na zura tiyo na ta da inji, na cika tano, wato duro, har takwas da ramin kwaɓin siminti, ina ta jin daɗin dabarata. Sai da injin ya fara tari yana furzo laka na kashe shi.

Da la'asar sai ga wani dattijo makiyayi ya gangaro da shanunsa, kwana biyu rabonsu da ruwa, don a farin nan sai sun yi nisa suke samun abin ci. Ya zura wasaki, ya fito da taɓo. Ya sake zurawa, taɓo. Shanun suka zagaye kwamin sha suna lasar busasshen itace suna kuka. Ina tsaye nesa ina kallo.

Ya bi sawun tiyo har ƙofar gidana. Na so a ce zagina ya yi, amma sallama ya yi.

"Alhaji, kai ka ja ruwan rana?"

Na ce, "Baba, na ga ba mai amfani da ita ne."

Ya ce, "Ba zaman banza take ba, tarawa take. Masu safe su sha, a bar ta ta huta, abin da ta tara na masu yamma ne. Tun kakanninmu ba a zura mata guga da rana. Yammacin yau kuwa nawa ne."

Ban san sa'ad da na cire babbar riga ba. Ni da magini muka riƙa mirgina tano muna gangarawa, maiɗakina tana biye da bokiti. Ruwan tano ya tafi duka, na rami kuwa ya riga ya haɗu da siminti, ba ya shayuwa. Shanu suka yi ta turereniya, masu ƙarfi suka sha. Wata tsohuwar saniya mai ciki, wadda ta fi kowa galabaita, ta durƙushe a gefe. Muka ɗaga kanta muka ɗura mata, ta kasa haɗiya. Kafin magariba dattijon ya sa mata wuƙa don kada ta yi mushe.

Na ce zan kawo masa wata. Ya girgiza kai ya ce, "Uwar garken ce. Jinin wadda mahaifina ya fara mini da ita ce." Ya goge wuƙarsa ya kora sauran.

Kunya ta hana ni zuwa masallaci kwana uku. Na yi niyyar tattara kayana in koma Gure, maiɗakina ta ce, "Ina kuma? Ka ɓata ka gudu? Zauna ka koyi zama." Na zauna. Injin na mayar da shi gari, ɗaki biyu na siminti suka tsaya a haka, sauran da ƙasa muka ƙarasa bayan ruwa ya sauka.

Yanzu na gane abin da na gudo wa a Gure ban baro shi can ba, a amalanke na ɗauko shi na hau da shi dutse. Ashe ni ne mai ginin da nake zagi. Tun daga ranar, duk abin da na tarar an bari a wurin da nake baƙo, sai na tambayi dalili kafin in miƙa hannu. Har yau in na bi ta bakin rijiyar da rana na gan ta shiru, sai in rage sauri, in ratse ta gefe.