Akwatunan da Inna Hajara Ta Ƙara Mana

Na juya wa Inna Hajara kwamfuta, ta ƙura ido ga akwatuna da kibiyoyin zanen da ke kan allo.

Ungozoma ce, ita ke rako masu ciki daga ƙauyukan Zango zuwa ƙaramin asibitin da nake yankar kati. Mata sun rage zuwa awo, shi ya sa na zayyana wa manhajar AI yadda muke aiki, ta zana min tafiyar mai ciki tun daga ƙofa har karɓar magani. Na karanta wa Inna zanen daki-daki.

Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka daga ƙofarku tafiyar ke farawa? Sai mace ta sallami yara, ta jira babur har hantsi. Kafin ta iso kun rufe kati."

Ni ne kuwa mai rufewar.

Na sa manhajar ta ƙara akwatuna biyu a farko, na sallamar yara da na jiran babur, muka nuna wa shugabar asibiti. Yanzu sai azahar muke rufewa. Ranar Talatar nan benci ya cika har wasu suka shimfiɗa tabarma.

Ku fa, a wurin aikinku, kun taɓa tambayar masu zuwa daga ina wahalarsu ke farawa?