Layin da Na Bari wa Ɗan Kokawa

A shekarar da tsohon Sarki ya rasu aka naɗa ɗansa, mutuwa ta yi ta ɗibar sanannun mutane a Kano. Ina Gyadi-Gyadi a lokacin, gonaki sun fi gidaje yawa, ina noman gyaɗa, ina karantarwa a zaure. Akwai wata takarda a gafakata da na gada wurin mahaifina. Duk babban mutumin da ya rasu, sai in rubuta sunansa na yanka da ajami, da ranar, da watan, in bi da addu'a. Shekarar nan na yi rubutu har hannuna ya saba. In an kawo labari sai in yi salati, in jawo tawada, in rubuta, in koma kan abin da nake yi. Ba na jin komai.

Cikin waɗanda suka tafi har da wani ɗan kokawa na Tarauni, wanda ake zancensa har Zariya da Katsina. Zazzaɓin kwana uku ne ya tafi da shi.

Damina biyu kafin nan, ciwon mahaifina ya tsananta, na ɗora shi a jaki zan kai shi asibiti. Hanya duk taɓo, jaki ya ƙi tafiya. Ɗan kokawar nan yana dawowa daga gona ya tarar da mu. Ya ajiye fartanya, ya goya tsohon har asibitin cikin birni. Ina ta jero godiya, sai ya yi dariya.

"Malam, bar godiyar nan. An ce kuna da takardar da kuke rubuta manya in sun mutu. Ran da na mutu ka sa ni ciki."

Na ce, "Ai ta malamai ce da sarakuna."

"To ni ma na kayar da maza. Sa ni ko a gefe ne. Duk girman nan nawa ba na cin wuri."

Na ce masa na yi alkawari.

Ranar da muka binne ɗan kokawar na dawo gida, na fiƙe alƙalami, sannan na ga ban san sunansa ba. Laƙabin da makaɗa suka ba shi kawai na sani, takardar kuwa ba ta ɗaukar laƙabi. Na tambayi abokan kokawarsa, kowa ya faɗi wani suna daban. Makaɗinsa ma cewa ya yi bai taɓa tambaya ba. Sai na bar layi guda fari, na ci gaba da rubuta wasu a ƙarƙashinsa. Wata huɗu layin nan yana nan. Duk sanda na buɗe takardar sai in tsallake shi.

Bayan an cire gyaɗa na ɗauki gafaka da tawada na tafi Tarauni wurin mahaifiyarsa. Na same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, na gaya mata alkawarin.

"Inna, sunansa na yanka nake nema."

Ba ta ɗago ba. "Ɗan fari ne, Malam. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Yanzu da yake kwance zan fara?"

"Ba wanda ya sani a gidan?"

"Waɗanda suka ci naman sunan duk sun riga shi tafiya."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Sunan Annabi ne dai."

Na fara jero sunayen Annabawa a hankali, ina yi wa kowanne salati, ita kuma tana ɓara. Da na kai wani suna hannunta ya tsaya. Na maimaita. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na tsoma alƙalami na cike layin. Ko a nan ban ji wani abu ba, sai dai na lura tawadar ta fi ta sauran layukan baƙi.

Da ta bushe, tsohuwar ta ce in nuna mata wurin. Na nuna. Ta ɗora yatsa a kai.

"Su wa ke kusa da shi?"

"Alƙali a sama, limami a ƙasa."

"Shi da ko masallacin Juma'a sai na kora shi," in ji ta. Ta janye yatsan. "To Malam, ka cika. Tsakaninka da shi ba sauran komai."

Na naɗe takardar na mayar gafaka. Ita kuma ta jawo ƙwaryar gyaɗarta.