Yaya Mai Rula da Layin da Ta Soke

A ofishinsu ba mai kiran yayata da sunanta. Mai Rula ake ce mata, saboda rular ƙarfen nan da ba ta rabuwa da ita. Shekara goma sha tara tana sashen lissafi na wani kamfanin magunguna, a teburin da ke kusa da taga, kuma duk akawun da ya shigo sashen a hannunta ya koyi aiki. Sai dai su suna da takardar shaidar ƙwarewa, ita ba ta da ita. Da sabon manaja ya zo, sai ya ce duk wanda bai samo takardar ba kafin ƙarshen shekara, sito za a mayar da shi.

Jarrabawar samun takardar kashi biyu ce. Ɓangaren zaɓen amsa tun zaman farko ta cinye shi. Na rubutu ne ya kayar da ita har sau biyu, kuma ba don rashin sani ba. Tsohon shugabanta, Allah ya ji ƙansa, ya hore ta a kan cewa shafin da aka soke ko aka goge, shafin marar gaskiya ne. Don haka in ta yi kuskure a jarrabawa, sai ta buɗe sabon shafi ta kwafe komai daga farko. Tambaya huɗu ake bayarwa a awa uku. Yaya ba ta taɓa wuce ta biyu ba.

Ni malamin makaranta ne, da jan biro nake cin abinci, saboda haka ni aka ɗora wa aikin. Duk Asabar da hantsi sai in je falonta, in ajiye agogo a gabanta, in zura rular a aljihuna.

"Yaya, ja layi ɗaya a kai kawai, ki ci gaba."

"Kai auta, da girmana za ka koya mini ƙazanta?"

"Mai duba takardar nan ba surukarki ba ce. Amsa yake nema."

Ta yi dariya, amma ranar da ta fara soke kalma sai ta ajiye biron. Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta ce a hankali, "Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa zargina. Tsabtar nan ita ce kaɗai shaidata." Wallahi kunya ta kama ni, don duk lokacin nan na ɗauka iyayi ne kawai.

Ranar jarrabawa na jira ta a inuwar katanga. Ta fito yatsunta duk tawada.

"Sau nawa kika soke?" na tambaye ta.

"Shida," ta ce, idonta ya ciko. "Amma na gama ta huɗu."

Bayan mako bakwai sakamako ya fito, ta ci. Tana nan a teburinta na kusa da taga.

Kwanaki na biya ofishin in karɓi mukullin gida, na tarar wata sabuwar akawu ta yi kuskure a takarda, tana shirin yage shafin. Yaya ta riƙe mata hannu, ta miƙa mata rular.

"Ja layi ɗaya, ki sa hannu a gefe, ki ci gaba," ta ce. "Kuskure kika yi, 'yata, ba sata ba."