Izinin Inna a Tsakiyar Bahar Maliya

Shekara ashirin da biyu na yi ina ƙetare kogin Kwara a bakin wani shagon shayi da ke unguwar Madinat Nasr a Alƙahira. Farkon zuwana Alƙahira karatu, faɗin kogin bai wuce daga shagon zuwa masallaci ba. Da na kama aikin tafinta wa marasa lafiyarmu da ke zuwa asibitocin garin nan, na yi tumbi, kogin ma ya yi. Daga baya kada ya shigo labarin. Bara dorina ta shigo, har da 'ya'yanta biyu.

Gaskiyar ita ce, ni ɗan Yawuri ne, amma ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba. Ruwa ya ci yayana kafin a haife ni. Ina fara tafiya Inna ta kama kunnena ta ce in na shiga kogi ba ta yafe ba. Yaran unguwa na iyo, ni ina gadin rigunansu.

Kowa a majalisar shayin yana haɗiye labarina, ban da mutum ɗaya: wani tela daga unguwar Ard al-Liwa da muke ce wa Usta, Bahaushen Sudan, abokina na kusa kuma babban maƙiyin bakina. Shi ya laƙaba mini Sarkin Ruwa, kuma in zai faɗa sai ya ja shi kamar yana auna yadi.

Wani ɗan kasuwa da na yi wa tafinta ya warke, ya ba ni kyautar kwana uku a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Maliya, ni da mutum ɗaya. Mai ɗakina ta ce ko a motar haya kanta juyawa yake. Shaiɗan ya ce in ɗauki tela. Na ɗauke shi.

Jirgin gari ne guda. A can samansa, ta baya, muka tarar da abin. Wani gangare ne mai laushi, inji na feso ruwa daga ƙasa yana hawa sama da gudun da ya fi na direban ƙaramar bas a titin Alƙahira. Mutum ya hau allo ya tsaya a kai, ruwan na wucewa ƙarƙashinsa. Wata tsohuwar Baturiya ta hau, ta sauka tana dariya.

Tela ya juyo a hankali. "Sarkin Ruwa, ga talakawanka suna jira."

"Usta, wannan ai wasan yara ne."

"To ai da sauƙi ke nan. Babu kada, babu dorina. Yalla, mu je." Ya ɗaga waya. "Majalisa na jiran hoto."

Na ce zan je in canza kaya. Na laɓe bayan wata rumfar lemo, na ga wayata na kamawa don ba mu yi nisa da gaɓa ba, na kira Yawuri. Ina da shekara hamsin da uku, da furfura, da 'ya a jami'a.

"Inna, izini nake nema. Ruwa zan shiga."

Ta ce, "Auta, wane ruwa?"

Na kwatanta mata. Ta tambayi zurfinsa, na ce bai kai taƙi ba. Ta tambaya ko yana da mutanen ciki, na ce inji ne, ana kashe shi kamar fanka.

"Ruwan da ake kashewa? Don wannan ka tashe ni daga ƙailula? Shiga. Ka yi bismilla, ka ɗaure wandonka."

Na juyo, sai ga tela da kofin lemo a hannu, ya ji komai. Bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, Alhaji. Bar shi. Ba zan faɗa ba."

Nan raina ya ɓaci. Shekara ashirin yana ƙaryata ni ban damu ba, amma tausayi? Na ce, "Kunna wayarka."

Mai koyarwar wani Bamasare ne mai wuya kamar turmi. Ya dubi wandona mai tazuge, ya ce, "Ya Hagg," wato Alhaji, "ɗaure sosai." Na ce uwata ta riga shi. Ya kwantar da ni rub-da-ciki a kan allo. Ban gama bismilla ba ruwan ya cika wandon nan kamar buhun gero, ya ɗauke ni, ya nana ni da bangon sama. Na sha Bahar Maliya rabi. Hulata ta tafi, sanƙon da ko surukaina ba su taɓa gani ba ya gaisa da Turawa.

Na koma layi. Na biyu na faɗi ta hagu. Na uku ta dama, don adalci. Na huɗu allon ya tafi ya bar ni, hannuna ɗaya a kan tazuge, ɗayan yana neman Allah. Mai koyarwa ya ce, "Khalas, ya isa, ya Hagg, ka huta."

Na ce, "A tsaye nake so."

Ya ce sabon shiga ba ya fara tsayuwa yau. Na ce ni ba sabon shiga ba ne, na yi latti ne da shekara hamsin. Ya miƙo mini igiya, ya ce in lanƙwasa gwiwa, in bar kallon ƙafata. Na hau. Na ɗaga kai, na ga teku shimfiɗe har ƙarshen duniya. Na saki igiyar, na buɗe hannuwa.

Na tsaya. Ruwa na gudu a ƙarƙashina, ni ina samansa.

Tela ya ce daƙiƙa huɗu ne, wai wayarsa ta nuna. Wayar tela ce, ta saba rage yadi. Ni na san na kusa rabin awa. Da na ce masa saura shi, sai ya tuna likita ya hana shi sanyi.

Na tura hoton gida. Washegari jikar Inna ta turo mini muryar tsohuwar. Ina jin kaji a tsakar gida. Can ta ce, "Haka yayanka yake buɗe hannu." Ta yi gyaran murya. "Kuma ka rage cin shinkafa."

Ranar Juma'a na isa majalisa kafin tela, na faɗi komai da bakina: rigunan da na yi gadi, wayar da na buga, hular da ta tafi. Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da kofi. Wani ya tambayi dorina. Na ce na sallame ta, ita da 'ya'yanta.

Tela ya shigo ya ce, "Sarkin Ruwa," ya ja shi kamar kullum. Na amsa da ƙarfi. Duk wanda bai yarda ba, jirgin na nan, injin na nan. Amma ya fara kiran uwarsa tukuna.