Warin Magani a Tsumma

Da na haifi ɗan fari, gida na koma wanka, garinmu Babban Mutum, wajen Inna mahaifiyata. Kowa ya san dokar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane sai in nono zai sha. Ni kuwa na iya wannan kunyar har ana yabona.

Yana da sati uku numfashinsa ya canza, sauri-sauri kamar wanda ya sha gudu. Inna ta saɓa shi, na bi bayanta zuwa asibitin garin ina kallon ƙasa. Malamar asibitin ta dubi agogo ta ƙirga numfashin, ta ce ciwon ƙirji ne. Ta ba mu garin magani a kwalba, a zuba tafasasshen ruwan da ya huce zuwa layin da ke jikinta, a riƙa ba shi safe da yamma har kwana bakwai.

"Malama, ba allura?" in ji Inna. "Wannan ɗan hanjin nasa ina zai iya da magani?"

"Hajiya, hanjin da ke tsotse nono shi zai tsotse wannan, ya kai jini. Amma in ya ƙi nono ko jikinsa ya saki, ku wuce Daura kai tsaye."

Ban yarda ba, kuma ba bakin tambaya. Inna ke ɗura masa, ni ina bakin ƙofa da kwanon kunu kamar abin bai dame ni ba, alhali idona na kan abin da ke gangarowa ta gefen bakinsa. Duk tumbuɗin da ya yi sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, maganin ya dawo. Tsoro nake ji ya mutu ban taɓa rungumarsa yadda nake so ba.

Wankin tsummansa ne kaɗai ba mai ce min marar kunya a kai. Rana ta biyu da hantsi, a bayan ɗaki, na ɗaga tsumman fitsarinsa sai wani wari ya bugi hancina, warin kwalbar nan sak. Ni 'yar mahauci ce, tun ina ƙarama nake wanke kayan ciki. Na san hanji ba ya zuba a mafitsara. In har magani ya fito ta fitsari, to sai da ya ratsa jini. Na tusa fuskata cikin tsumman ina ta hamdala, ga hawaye.

Haka Inna ta same ni. Na rasa inda zan sa kaina.

"Ke ma kin ji?" ta ce. "Ni tun asuba na shinshina."

Ta leƙa zaure, ta dawo da jaririn ta miƙo min shi. "Ungo. Ba kowa a gidan."

Na ɗora shi a ƙirjina. Numfashin ya fara lafawa, ina jin sa a hankali a wuyana. Na kai bakina kunnensa na kira sunansa. Inna ta juya baya, ta kama hura wutar murhun da tuni take ci da kyau.